Ranar da Manaja Ya Rantse Ba Shi da Mota

Ba kowane layi ne Allah yake ba mutum irin Manaja ba. Wasu layukan sai dai su yi taƙama da famfo mai kawo ruwa ko fitilar titi mai kamawa, amma wannan layin da Manaja yake taƙama, kuma ya ishe shi. Mutum ne dogo, mai tumbi daidai misali, wanda ko shara zai fitar sai ya ɗaura agogo. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana aiki a kamfanin fenti. Masu baƙin ciki suna cewa wai makullin sito yake riƙewa, aikinsa jera gwangwani da korar ɓeraye. Shi kuwa ya sha yin bayani cewa duk kamfanin a tafin hannunsa yake, domin ranar da ya makara da makulli babu wanda ya yi aiki sai da ya iso. Hujja ce da ba ta turuwa. Shi ya sa tun kafin ya yi ritaya layi ya naɗa masa Manaja, shi ma saboda sauƙin kai bai taɓa musawa ba.

Amma abin da ya ɗaga shi sama da sauran bayin Allah shi ne motocinsa. Motoci fa, ba mota ba. Litinin fara, Talata baƙa, Laraba mai ruwan toka, kuma kowace da direbanta. Da misalin ƙarfe tara na safe, lokacin da mai aski ya buɗe shago, mai kanti ya fito da benci, mata suna dawowa daga raka yara makaranta, sai Manaja ya laɓe bayan ƙofa yana daddanna waya. Ba ya leƙowa sai ya ji tsayuwar mota. Sannan ya fito a tsanake, jaka a hammata, ya dubi agogo, ya dubi direban da bai taɓa gani ba a duniya, ya ce yadda duk layi zai ji:

"Ka sake makara. Wannan shi ne gargaɗi na ƙarshe."

Direban kuwa, da yake yana son a danna masa tauraro biyar na yabo a waya in an sauka, sai ya ce, "A yi haƙuri, yallaɓai." Manaja ya shige baya, ya sauke gilashi rabi, ya ɗaga wa talakawa yatsu biyu.

Masu baƙin cikin nan dai sun ce motocin haya ne, irin waɗanda ake kira ta waya, wai ga takardar kamfani nan manne a gilashin gaba. Manaja ya warware wannan ma. Ya ce shi ya sa a manna, saboda ɓarayi su ɗauka motar haya ce. Da mai kanti ya tambaye shi inda motocin suke kwana, ya ce a garejin wani abokinsa, don layin nan babu tsaro, kuma ba ya son ya sa wa maƙwabta damuwa a rai. Mai kanti ya ce lallai samun maƙwabci mai tausayi irin wannan sai an tona. Manaja ya ji daɗin maganar har ya sayi sabulu biyu maimakon ɗaya.

Haka aka yi shekara uku ana zaman lafiya, yana faɗa ana gyaɗa kai.

Wata Alhamis, ranar shuɗiyar mota ce, Manaja ya yi wa direba gargaɗinsa na ƙarshe ya shiga. Ba su yi nisa ba, daidai mahaɗar da ke kusa da gidan mai, wata motar raba ruwan kwalba ta fito daga kwana ba duba ba komai, ta daki gefen da yake zaune. Motarsu ta juya ta tsaya tana kallon inda ta fito. Direba ya bugi sitiyari da goshi. Manaja kuwa ya ji hannunsa na dama ya yi wata ƙara da bai taɓa jin irinta daga jikinsa ba, sannan zafi ya biyo baya har cikin haƙora.

Aka fito da shi aka zaunar a bakin titi. Nan da nan wuri ya cika. Da yake ba nisa da gida, har da mai kanti ya iso da gudu, ga mata biyu na layi, ga yaran gidan mai. Wani kofur na 'yan sanda ya zo da ɗan littafinsa, ya zaga motar, ya lashi bakin biro, ya ce:

"Wane ne mai motar nan?"

Direba yana can zaune da tsumma a goshi, jini yana bin hancinsa, duniya tana juya masa. Ya ɗago zai yi magana. Manaja ya dubi taro. Ya ga mai kanti. Ya ga matan layi. A irin wannan wuri ne ake gane manyan mutane, domin ƙaramin mutum da hannunsa zai ji, shi kuwa Manaja da darajar layi ya ji. Ya tallafe hannun da na hagu, ya gyara murya.

"Rubuta, kofur. Motata ce. Wancan direbana ne, shekararsa huɗu a wurina, bai taɓa gogar ko bango ba. Takardu suna ofis, za a kawo."

Direban ya buɗe baki, jiri ya kwashe shi, ya mayar da kai ƙasa. Kofur ya rubuta komai tsaf. Mai kanti ya ce, "Allah ya mayar da alheri, yallaɓai, ga ta sabuwa." Manaja ya ce, "Ƙarfe ne, ana sayen wani." Sai a lokacin ya yarda ya suma.

A asibiti aka ɗauki hoton ƙashi. Likita ya ɗaga shi a gaban fitila ya nuna karaya biyu ƙasa da gwiwar hannu. Ya ce ɗauri kaɗai ba zai yi ba, sai an yi aiki an sa ƙarfe, kuma a cikin mako uku. In aka wuce haka ƙashin zai haɗe a karkace, hannun ba zai ƙara riƙe ko cokali daidai ba. Ya rubuta kuɗin aikin a takarda ya miƙa. Manaja ya duba ya ce, "Ba matsala," ya ninke. Matarsa, wadda ɗinki take yi a ɗakin gaba na gidansu, ta karɓi takardar ta duba, sai ta nemi kujera.

Kwana biyu gidan yana cike da masu dubiya. Manaja yana kishingiɗe a falo, hannu rataye a wuya da farin ƙyalle, yana karɓar gaisuwa layi-layi.

"Ni ba hannun ne ya dame ni ba," yake cewa, "motar. Duk cikinsu ita na fi so. Ba ta shan mai, ga sanyi. Amma mutum irina ba ya zama yana kukan abin duniya. Na ce wa yaron nan ya je ya huta, albashinsa yana nan."

Masu dubiya suka ce Allah ya ƙara haƙuri. Da na ƙarshe ya fita, matar ta rufe ƙofa, ta kwashe kofuna, ta zo ta tsaya a kansa.

"Maigida, baƙi sun tafi, sai a sauko."

"A sauko ina?"

"Ƙasa, inda nake. Keken ɗinkina biyu ne. Ko na sayar da su har da almakashi ba su kai rabin abin da likita ya rubuta ba. Fanshonka kuma ka san inda yake tsayawa. Wace motar za mu sayar, farar ko baƙar?"

Manaja ya ce mata ba sa gane harkar manya, ya juya wa bango fuska. Bangon ma bai ba shi shawara ba.

Rana ta uku sai ga direban, da filasta a goshi da ledar lemo a hannu. Yaron kirki ne. Ya durƙusa ya gaishe su, sannan ya ce:

"Yallaɓai, na zo in gaya maka ne, ko ba ka sani ba. Kamfaninmu yana da inshora saboda fasinja. Duk fasinjan da..."

"Rage murya," in ji Manaja, yana duban taga.

Direban ya rage. "Duk fasinjan da ya ji rauni a tafiyar da aka kira ta waya, su suke biyan asibiti, har aiki. Ka je ofishinsu da takardar likita da rahoton 'yan sanda. Haƙƙinka ne."

Matar ta ce Allah ya yi masa albarka har sau uku. Manaja ya ce da ma ya san da wannan tsarin, yana jira ne ya ga ko yaron zai tuna.

Washegari ya sa kwat, hannu ɗaya a ciki ɗaya yana lilo, ya nufi ofishin inshora. Hawa na uku ne, ga sanyi, ga kujerun roba a jere, ga wata na'ura a bakin ƙofa mai tofo lamba. Manaja ya wuce na'urar ya ce wa mai gadi a gaya wa shugaban wurin ya iso. Mai gadi ya ciro masa lamba ya nuna masa kujera. Ya zauna awa ɗaya da rabi tsakanin wata mai goyo da wani mai sanda, yana yi musu bayanin yadda ake tafiyar da ofis a zamaninsu.

Da aka kira lambarsa, ya tarar da wata matashiya mai tabarau a bayan tebur. Ya ajiye takardu a gabanta kamar mai ba da kyauta.

"'Yata, ba na son in ɗauki lokacinki, don na san aiki. Na riƙe kamfani shekara talatin da ɗaya. Ki duba waɗannan, ki kai wa na sama da ke ya sa hannu, a aika wa asibiti. In an yi da sauri zan ambaci sunanki a inda ya dace."

"To, Baba," in ji ta. Manaja bai so Baban nan ba, amma ya haɗiye.

Ta karanta takardar likita. Ta danna kwamfuta ta karanta. Ta ɗauki rahoton 'yan sanda ta karanta, ta sake karantawa, ta cire tabarau ta goge.

"Baba, akwai matsala. Bayanin kamfani ya ce kai fasinja ne, ka kira mota ta waya. Rahoton 'yan sanda kuma ya ce kai ne mai motar, direban ma'aikacinka ne shekara huɗu. Mu fasinja muke biya. Mai mota inshorar motarsa ce take ɗaukar nauyinsa. A wane kamfani ka yi wa motar inshora?"

Manaja ya yi murmushin wanda ya ga ƙuruciya.

"Maganar tana da faɗi, 'yata. Mallaka iri-iri ce. Akwai ta takarda, akwai ta mu'amala. Mutum yana iya shiga mota har ta san shi."

"Baba, motarka ce ko ba taka ba ce?"

Ya waiwaya. Mai goyo tana kallonsa, mai sanda ma ya miƙo wuya. Ya sunkuyo kan tebur ya motsa leɓe.

"Ban ji ba, Baba."

"Na ce ba tawa ba ce, a halin yanzu."

"Da taka ce?"

"A'a."

"Kana da wata motar?"

Manaja ya dubi silin, ya dubi hannunsa, ya ce ba shi da ita.

Yarinyar ba ta yi dariya ba, abin da ya fi dariyar ciwo ke nan. Ta yi masa bayani dalla-dalla. Takardu biyu sun saɓa, kuma ba za a biya ba sai an gyara ɗaya. Zai je ofishin rantsuwa na kotu ya rantse cewa abin da ya gaya wa kofur ba haka yake ba, cewa shi fasinja ne, ba shi da mota, ba shi da direba. Zai je da shaidu biyu, maƙwabta, waɗanda suka daɗe da saninsa. Ta buga jerin tafiye-tafiyensa daga kwamfuta, ta sa a ambulan ta manne, ta ce a haɗa da takardar rantsuwa don a ga tsohon fasinja ne.

"Maƙwabta," in ji Manaja. "Ba za a iya kawo wasu mutanen kirki daga wata unguwa ba?"

"Sai 'yan layinku."

"Matata fa? Ita ma a layin take."

"Ban da iyali, Baba. Lamba ta gaba."

Daga nan Manaja ya shiga wani hali. Shekara uku yana gina motocin nan ɗaya bayan ɗaya, da launinsu da garejinsu da direbobinsu, yanzu wai ya je da ƙafarsa ya nemi mutum biyu su taya shi rushewa, kuma a gaban hukuma. Ya ajiye ambulan a ƙarƙashin rediyo. Ya ce yana nazari. Kwana ɗaya, kwana huɗu, kwana bakwai. Yatsun hannun suka kumbura suka yi sheƙi. Maɓallin riga ya gagare shi, wanka ya zama aikin mutum biyu. Ya gwada cin abinci da hagu, rabi a baki rabi a kwat. Kullum yana zaune a taga yana auna mutanen layi ɗaya-ɗaya, wanda zai iya ɗaukar wannan mummunan labari ba tare da zuciyarsa ta buga ba. Tausayinsu yake ji ƙwarai. Mutanen nan sun dogara da shi.

Ranar kwana na goma sha biyu da haɗarin, matar tana ba shi abinci a baki, ta tsaya da cokali a sama.

"Saura kwana tara a cikin na likita. Ka zaɓa, maigida. Ko layi ya ci gaba da ganin motoci, ni kuma in ci gaba da ɗura maka abinci har ƙarshen rayuwa, ko ka je ka nemo mutum biyu. Ni ban ƙi ba, amma ka sani ina da ɗinkin mutane, kuma cokalina babba ne."

Ta cika cokalin ta nuna masa. Manaja ya dubi cokali, ya dubi yatsunsa, ya ce da ma gobe ya tsara fita.

Ya zaɓi tsakar rana, lokacin da shagon mai aski ba kowa. Ya zauna a kujera, aka yafa masa ƙyalle, ya ce a rage gefe kawai. Sai da injin ya fara ƙara sannan ya yi magana, yana kallon madubi.

"Kai mutum ne mai hankali, shi ya sa na zaɓe ka a duk layin nan. Akwai wani lamari na manyan harkoki. Lauyoyina sun ba ni shawara, saboda wasu dalilai da ba za ka gane ba, a nuna a takarda cewa ba ni da mota. A takarda kawai. Ana bukatar wanda zai tsaya a kotu ya shaida haka."

Injin ya tsaya.

"Wato, yallaɓai, in je gaban hukuma in rantse cewa ba ka da mota?"

"Na san abu ne mai nauyi."

Mai aski ya juya baya yana neman wani abu a cikin durowa. Ya daɗe yana nema, kafaɗunsa suna rawa. Manaja ya gani a madubi, ya ji tausayinsa ya ƙaru. Da ya juyo idonsa har da ƙwalla.

"Yallaɓai, saboda kai zan daure. Ko yau aka ce in rantse, zan rantse da zuciya ɗaya."

"Allah ya yi maka albarka. Saura mutum ɗaya. Ka nemo mai riƙe sirri irinka. Kada kowa ya ji."

"Ko bango ba zai ji ba," in ji mai aski, ya ci gaba da aski. Ranar gefe ɗaya ya fi ɗaya tsawo.

Bango kam bai ji ba. Safiyar Laraba Manaja da matarsa suka isa kotu, suka tarar barandar ofishin rantsuwa a cike. Ga mai aski a gaba da sabuwar riga. Ga mai kanti, ga mai wanki da guga, ga mai cajin waya, ga tsohon mai gadin layi da sandarsa, ga mai gyaran takalmi, ga mata biyar sun sha ado kamar masu zuwa biki. Duk wanda yake da shago a layin ya rufe shi ya zo.

Manaja ya tsaya cak. Mai aski ya matso yana sosa ƙeya.

"Mutum ɗaya na nema, yallaɓai. Amma kowa ya ce in dai taimakonka ne ba za a bar shi a baya ba."

Nan take gardama ta tashi a kan wanda ya fi cancanta. Mai kanti ya ce shi ya kamata, don tun makon farko ya sani. Mai cajin waya ya ce ina, ai a shagonsa aka sa wa Manaja manhajar kiran mota a waya, shi ya koya masa dannawa. Mai gadi ya ce shi sau biyu direbobin suna tambayarsa gidan fasinja. Wata daga cikin matan ta ce baƙar ta Talata ai ita ta kai ta asibiti haihuwa, har direban ya ce a gaida tsohon nan mai gargaɗi. Manaja yana tsaye yana ji. Matarsa ta gyara masa ƙyallen wuya ta ce a hankali, "Ka ga, babu wanda zuciyarsa ta buga."

Ma'aikacin rantsuwa wani dattijo ne siriri mai tabarau a kan hanci, wanda bai taɓa gaggawa ba tun da aka ɗauke shi aiki. Ya zaɓi mai aski da mai kanti, ya ce sauran su jira a waje. Suka jira a waje, kawunansu a cikin taga. Ya ce a ƙa'idar ofishinsa ba a rantsar da mutum a kan takarda sai an karanta masa ita da ƙarfi daga farko har ƙarshe, ita da duk abin da aka haɗa mata. Manaja ya ce shi ya yafe karatun. Dattijo ya ce ba nasa ba ne balle ya yafe.

Ya karanta. Cewa mai rantsuwa ba shi da mota, bai taɓa mallakar mota ba, ba shi da direba, bai taɓa biyan wani direba albashi ba. A kowace gaɓa yana ɗagowa ya ce, "Haka ne?" Manaja ya ce haka ne, shaidu su ce haka ne, taga ma ta ce haka ne. Sannan dattijo ya farke ambulan ɗin inshora, ya zaro takardu masu kauri, ya gyara tabarau.

"Jerin tafiye-tafiye. Litinin, ƙarfe tara da minti biyar, daga ƙofar gida zuwa bayan gidan mai. Tsawon tafiya, minti biyu. Litinin, ƙarfe biyar na yamma, daga bayan gidan mai zuwa ƙofar gida, minti uku. Talata, daga ƙofar gida zuwa bayan gidan mai, minti biyu."

Mutanen taga suka dubi juna. Wannan kam ko mai aski bai san da shi ba. Gidan man nan, in mutum ya tsaya a ƙofar Manaja ya yi ɗage, yana hango rufinsa.

Dattijo ya buɗe shafi na biyu, na biyar, na goma. "Duk haka suke? Tsaya, ga wata mai nisa, minti goma sha ɗaya." Manaja ya ɗan ɗago. Dattijo ya matso da takardar kusa da ido. "A'a, an rubuta direba ne ya ɓata hanya."

Da aka gama, aka ce mai rantsuwa ya sa hannu. Hannun yana rataye, sai aka kama babban yatsansa na hagu aka dangwala a tawada. Dattijo ya buga hatimi, ya ce a kai wa inshora yau, su za su aika wa asibiti. Tawada ba ta bushe ba matar ta ɗauke takardar, ta sa a jaka, ta ja zif, ta rungume jakar a ƙirji.

A baranda jama'a suka buɗe masa hanya. Babu wanda ya yi dariya, kowa yana kallon wani wuri daban. Manaja ya ga ba zai bar mutanensa cikin ruɗani ba. Ya tsaya a saman matakala, ya dubi agogo, ya gyara murya.

"Na gode da kuka zo. Game da abin da kuka ji na bayan gidan mai, kada ya ruɗa ku. Tsari ne na tsaro, duk manya suna yi. Ba a shiga gari da motar da aka fita da ita daga gida. A can akwai wata da take jirana kullum, ita take kai ni cikin gari ta dawo da ni. Ita ba ta shiga takarda."

Jama'a suka gyaɗa kai kamar yadda suka saba. Mai gyaran takalmi ya matso ya durƙusa a gindin matakala, ya leƙa ƙafafun Manaja, ya taɓa dunduniyar takalmin hagu da yatsa.

"Gaskiya ne, yallaɓai, ni shaida ne a kan wannan motar, don ni nake gyara ta duk wata biyu. Ga ta hagun ma ta sake cinyewa. In za ka shiga asibiti ka bar min su, kafin ka fito na sa sabuwar dunduniya."